Littafi Mai Shuɗin Zare

Ranar da Shugaba ya aika a kira Maman Aro ofishinsa, sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara mayafi sau biyu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ta ɗauka asirinta ne ya tonu, ashe abin da ke jiran ta a ciki ya fi tonon asiri nauyi. Yabo ne.

Shugaban laburaren matashi ne, bai cika shekara biyu da zuwa ba. Ga tsabta, ga ladabi, ba ya zagi, ba ya tsawa. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ka roƙe shi, sai ya karkatar da kai cike da tausayi ya ce maka, "Ƙa'ida ce." Har ma'aikata suka laƙaba masa Malam Ƙa'ida, a bayan idonsa dai.

Ya miƙe ya ba ta kujera, ya shiga bayani yana fara'a. Kwamfuta ta tattara aron littattafai na shekarar nan kaf, in ji shi, kuma ba wani na waje ne ya zo na ɗaya ba, ita ce, ma'aikaciyarsu ta teburin aro. Littafi ɗari huɗu da goma sha biyu. Mai bi mata, wani tsohon malamin makaranta da kullum yake gyangyaɗi a kan jarida, hamsin da takwas ya ara. Saboda haka ranar ƙarshen wata za a yi taro a zauren sama, a gayyato masu karatu, ta tsaya ta faɗi littattafai uku da suka fi burge ta a bana, ta kuma karanta wa jama'a shafi guda daga ɗaya a cikinsu. Ya miƙo mata fom.

Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Farin abu kawai ta gani, da wasu layuka kamar sawun tururuwa. Rabon Maman Aro da ganin rubutu ya fi shekara, kuma a cikin ɗari huɗu da goma sha biyun nan, wallahi ko layi ɗaya ba ta karanta ba.

Kada dai a yi saurin kiran ta maƙaryaciya, sai an ji tushen maganar.

Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Allura, shi ne maɗinkin littattafan laburaren nan shekara talatin. A wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene yake zama, da tukunyar gam, da kakin murza zare, da wata wuƙa da ba ya bari kowa ya taɓa. Duk littafin da ya yage ko ya wargaje wurinsa ake kaiwa, ya kwance shi, ya ɗinke, ya yi masa sabon bango da baƙin yadi. Yana da wata ɗabi'a. In ya gama ɗinki, a tsakiyar littafin daga ƙasa yake ɗaurewa, ƙulli biyu a kan juna, sannan ya bar jelar zare tsawon gaɓar yatsa. Ta sha yi masa tsiya cewa ƙyuyar ɗaukar almakashi ce. Shi kuwa ya ce sa hannunsa ke nan, tunda ba a rubuta sunan maɗinki a bango. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, ɗakin nasa ma an mai da shi ma'ajiyar tsintsiya da bokiti.

Da Malam Ƙa'ida ya zo ya tarar kantoci sun cika sun batse, sai ya kawo tsari. Duk littafin da ya shekara uku ba wanda ya are shi, a manna masa jan tef a baya, a kai shi kantar da ke kusa da ƙofar baya. Ƙarshen wata motar kamfanin takarda ta zo ta kwashe, a niƙa a yi kwali. In kuwa wani ya are shi kafin ranar, a ɓare tef ɗin, ya koma mazauninsa ya ƙara wasu shekaru uku. Tsari ne mai kyau, ba mai cewa ba shi da kyau. Sai dai tsofaffin littattafai ne ba a ara, tsofaffin kuwa su ne suka bi ta hannun Mai Allura. Ta taɓa zuwa ta roƙi a bar mata masu baƙin bango, ta sami amsar da kowa ke samu.

Tun daga nan ta kama wani aiki da ba wanda ya sa ta. Kowace yamma, in an fara rufe tagogi, sai ta bi ta kantar jan tef. Ja dai tana ganinsa, ko da dishi-dishi. Ta zaro littafi, ta buɗe tsakiya, ta gangaro da babban yatsa har ƙasa. In ta ji ƙulli biyu da jela, ta ware shi gefe. Uku ake ba mutum a rana, ba ƙari. Ta zare katin da ke aljihun bango ta rubuta lambarta, wadda hannunta ya haddace, ta buga hatimi, ta zuba su a jaka. A bakin get Baba Maigadi ya duba hatimin, don aro ba ya zama aro sai littafi ya fita daga harabar. Su kwana a gidanta a kan teburin gefen gado, da safe ta dawo da su ta ɓare tef. Wasu kamar bulo suke don nauyi. A shekara guda kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, har tela ya tambaye ta ko faɗuwa ta yi.

Idon kuwa a hankali ya fara, kamar gilashin da tururi ya rufe. Ta je asibiti a ɓoye, likita ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, aiki ne ƙarami, amma za a yi ɗaya a jira sannan a yi ɗayan, ta huta sati shida. Tun a kan kujerar likitan ta yi lissafinta: sati shida, zuwan motar kamfani sau biyu ke nan. Ta ninke takardarsa ta cusa a ƙasan akwati. Ba ta ƙara ɗaukar hutu ba. Yayarta ta kwanta ciwo a wani gari, sai ta waya ta gaishe ta. Ko ciwon kai ba ta da ikon yi a ƙarshen wata.

A teburin aro ba wanda ya gane. Masu zuwa ta san su da murya da takun ƙafa. Kwanan watan hatimi kuwa, kowace safiya ta murɗa shi sau ɗaya ta ji ya yi ƙas. In abu ya buƙaci karantawa ta ce, karanto mini ɗana, hannuna da tawada. Shekara ashirin da shida a kujera ɗaya ba wasa ba ce, da ido rufe ma za ta yi aikin, kuma kusan hakan take yi.

To ga shi yanzu an ce ta hau sama ta yi karatu a gaban jama'a. In ta ce ba ta gani, a tura ta asibiti, mota ta yi ɓarna a bayanta. In ta ce ba ta karanta su ba, Malam Ƙa'ida ya gane aron bogi ne, ya mayar da jan tef a kan ɗari huɗu da goma sha biyun a yini guda. Gaba kura, baya sayaki. Ta zauna a bayan teburinta riƙe da fom, ta ji bangon laburaren da take ƙauna yana matsowa kusa da ita.

Da mai dabara ce, da ta zaɓi kowane uku cikin jerin. Amma an ce waɗanda suka fi burge ta, ita kuwa zuciya ba ta neman shawara. Ta bi kantoci da hannu ta ɗauko ukun da ta yi wa suna. Akwai Mai Tabon Shayi, wanda ta zubar wa shayi a bango ranar da ta fara leƙa ɗakin ƙarƙashin bene tana sabuwar ma'aikaciya, Mai Allura ya ɗago ya ce ai ta yi masa ado. Akwai Gurgu, da ba ya tsayuwa daidai a kanta saboda an yanke kwalin bangonsa a karkace, ranar da aka zo aka ce masa ta haihu ya jefar da wuƙa ya fita ba takalmi. Sai na ƙarshe. Shi wannan a gida ya ɗinka shi, a kan gado, ciwo ya riga ya ci hannunsa. Farin zarensa ya ƙare, ya ce ta miƙo masa gwangwanin ɗinkinta, ya zaro shuɗi. Ɗinkin ya fito a karkace, wani taku dogo wani gajere, amma ƙullin nan biyu suna nan. Kwana tara bayan haka ya cika. Ta kai ukun wa sakatariya ta ce ta kwafe mata sunayensu a fom, hannunta na ciwo.

Ranar hutun mako Auta ta zo, kamar yadda ta saba. Ita ce 'yarta ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce, a can ɗaya gefen gari take zaune da mijinta. Bayan sun ci abincin rana, Maman Aro ta tura mata mai shuɗin zare ta ce ta ɗan karanta mata, ta bar tabaronta a wurin aiki. Auta ta buɗe, ta karanta shafin farko, sai dariya ta ƙwace mata. Littafi ne a kan cututtukan zomaye. Ta jawo sauran ta duba. Mai Tabon Shayi lissafin magudanan ruwa ne, Gurgu kuwa kashi na biyu ne na wani labari da kashinsa na farko ya ɓace tun kafin a haife ta. Ta ce yanzu Umma, duk littattafan duniya, zomo? Yaushe kika fara kiwo ba mu da labari?

Uwar ma ta yi dariya, dariyar yaƙe. Sai dariyar Auta ta tsaya. Ta daɗe tana lura da wasu abubuwa tana kawar da kai: gishirin da aka zuba a shayi wata biyu da suka wuce, ɗankwalin da aka ɗaura a bai-bai, yadda uwar ke shafa bango in za ta shiga kicin. Ta tashi ta kama haɓar uwar ta juyar da fuskar wajen taga, ta haska da fitilar waya. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe, Umma?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Maman Aro ta kwance mata komai, da likita, da jan tef, da mota, da taron da ke tafe. Auta ta yi faɗa irin na wanda tsoro ya kama. Ta ce ita da ke jinyar iyayen wasu, tata uwar na tsallaka titi da lalube, ɗauke da buhun takarda. Ta ce yanar ido in ta daɗe tauri take yi, aikin ya yi wuya. Ta ce me za ta gaya wa yayyenta. Daga ƙarshe ta faɗi wadda ta fi zafi.

"Baba ya tafi, Umma. Wannan zare ne kawai."

"Na san zare ne," in ji uwar. "Tufafinsa an rabar, ɗakinsa an zuba tsintsiya. Hotonsa ba na gani. Shi kaɗai ya rage da zan taɓa in ji hannunsa."

Auta ta share hanci da gefen mayafi. Can ta jawo littafin ta buɗe, ta ce to, ai sai a fara. Suka zaɓi shafi na sittin da ɗaya, babin ƙaiƙayin kunne. Auta ta karanta, uwar ta maimaita, layi bayan layi, har rana ta yi sanyi. Idan ka ga zomo yana yawan girgiza kai yana sosa kunne da ƙafar baya, ka ware shi daga 'yan'uwansa. Haka matar da ba ta taɓa riƙe zomo ba ta yi ta bita, a kicin, a mota, a bayan teburin aro, har ta san inda za ta ja numfashi da inda za ta yi kamar ta juya ido zuwa sabon layi. Auta ta kafa sharaɗi cewa ana gama taro sai asibiti. Uwar ta ce to, irin to ɗin da ba ta kai zuci ba.

Saura kwana uku, Malam Ƙa'ida ya aiko a karɓi littattafan uku, wai za a shirya su don ranar. Ta miƙa ba tare da wani tunani ba. Me za ta ji tsoro? Ba tef a jikinsu, sabon hatimi ne a katinsu.

Ranar ta zo. Zauren sama ya cika, an rufe tagogi saboda ƙarar titi, fanka biyu na juya iska mai zafi. An zaunar da Maman Aro a gaba kusa da tebur mai farin ƙyalle. Mutanen ba su da fuska a idonta, tulin launuka ne kawai masu tari da gyaran murya, amma ta san Auta na layi na biyu don ta ji ƙamshin sabulun asibiti. Daga ƙasa ta jiyo motar kamfanin takarda tana ja da baya zuwa ƙofar baya, ta ji faɗuwar buhuna. Bai dame ta ba. Jiya da yamma ta bi kantar jan tef kaf, babu ƙulli biyu ko ɗaya a ciki.

Malam Ƙa'ida ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce ga uwa abar koyi, wadda ba ta raina ilimi ko na zomo ne, aka yi dariya aka tafa. Sannan ya ce yana da ɗan abin mamaki. Ya ɗora mata wani ƙunshi a hannu, ya taya ta warwarewa.

Tun kafin takardar ta gama buɗewa ta san akwai matsala. Ba nauyi. Bangon santsi kamar faranti, sai warin sabon gam. Ta buɗe na sama a tsakiya ta gangaro da yatsa har ƙasa. Babu zare ma sam, balle ƙulli.

Shi kuwa yana ta bayani a lasifika, muryarsa cike da jin daɗi. Ya ce da ya ga littattafan da gwarzuwar shekara ta fi so, kunya ta kama shi: ɗaya da tabo, ɗaya a karkace, ɗaya an ɗinke shi da zaren ɗinkin riga. Ya ce bai zauna ba sai da ya samo sabon bugu na kowanne, na magudanan ruwan ma sai da aka aiko da shi daga nesa. Daga yau su za su zauna a kan kanta, ita ce kuma za ta fara buɗe su. Tsofaffin an sallame su, tunda ba a ajiye kwafi biyu na littafin da ba a cika nema ba. Zaure ya ɗauki tafi. Allah sarki, yaron nan da zuciya ɗaya ya yi, garin gyaran gira ya tsone ido.

Aka matso mata da lasifika. Shafi na sittin da ɗaya na nan a kanta daram, ba abin da zai hana ta buɗe ko'ina ta zuba shi, a tafa, asirinta ya rufu, gobe ta koma kantar jan tef ta ci gaba da ceton sauran. Ta buɗe baki. Idan ka ga zomo yana yawan girgiza kai. Daga ƙasa ta ji an buga murfin bayan mota, an ja sakata.

Ta ajiye sabon littafin a kan farin ƙyallen.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Ban karanta ko ɗaya ba. Na fi shekara ba na ganin rubutu. Mijina ne ya ɗinka su, shi ya sa nake ɗauka."

Ba ta tsaya jin abin da zaure zai ce ba. Matakalar benen ashirin da biyu ce, ta san su kamar yatsunta, ta sauka tana ƙirgawa, takun Auta na bin ta a baya. Ta wuce ɗakin tsintsiya, ta tura ƙofar baya, hasken rana ya mare ta.

Direba ya riga ya tayar da mota. Auta ta sha gabansa tana roƙo, ya ce shi fa yana da wurare uku a gaba. Baba Maigadi, wanda shekara guda yana duba hatimin nan bai taɓa tambayar komai ba, ya shiga lalube aljihunsa yana cewa oho, ina kuma na jefa makullin get ɗin nan, tsufa bai yi ba. Direba ya yi tsaki ya kashe mota, ya ce minti goma sha biyar, ko ɗaya ba zai ƙara ba.

Aka buɗe baya, aka taimaka mata ta hau. Buhu goma sha tara ne. Ta kwance na farko ta zura hannu. Ba bango. Kamfanin ba ya karɓar yadi da kwali, don haka sai an yage bangon kowane littafi kafin a zuba. Dukansu tsirara suke, kamarsu ɗaya, ba tabon shayi, ba karkata. Abin da ya rage mata tsakiya ce kawai.

Ta durƙusa a cikin zafin motar ta fara. Ta ɗauka, ta buɗe, ta shafa, ta ajiye. Auta ta hau ta kama buhu na biyu. Can sai ga wani ya hawo, ta ji ƙamshin turarensa ta gane Malam Ƙa'ida ne. Ya tsaya kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi, sannan ya tambaya a hankali me ake dubawa. Ba ta ɗago ba ta ce tsakiya, daga ƙasa, ƙulli biyu. Ta ji ya naɗe hannun riga ya ja buhu. Sai ƙarar takarda da numfashi. Gumi na shiga mata ido ba ta share ba, me idon zai yi mata. Takarda ta yanke ta a yatsa, ta tsotse ta ci gaba.

A buhu na huɗu yatsanta ya faɗa kan zare. Taku dogo, taku gajere, wani a karkace. Ta gangara a hankali, tana tsoron isa ƙasa. Ƙulli, da wani ƙullin a kansa, da jela. Ta miƙa shi wajen da take jin numfashin 'yarta.

"Wace kala ce?"

"Shuɗi ne, Umma."

Ta rungume shi a ƙirji ta zauna a kan buhu, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka zuba tsintsiya a ɗakin nan. Direba ya danna ham. Auta da Malam Ƙa'ida suka ƙara sauri, suka zazzage buhu ɗaya, suka fara wani, amma sha tara ba abin wasa ba ne. Direba ya sake dannawa, ya ce shi ma fa a ƙarƙashin wani yake. Baba Maigadi ya ga makullinsa. Aka sauko da ita, motar ta fita da Mai Tabon Shayi da Gurgu a cikinta, tana tsaye tana jin ƙararta har ta ɓace cikin sauran motocin titi.

Malam Ƙa'ida ya daɗe yana kakkaɓe wandonsa, ba don ƙura ba, don ya rasa ta inda zai fara. Ya ce ta yafe masa, bai sani ba. Ta ce ai ba ta gaya masa ba. Ya dubi abin da ke hannunta ya ce wannan an riga an soke shi daga rajista, ba zai koma kanta ba.

"Ƙa'ida ce, Mama," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba na laburare ba ne yanzu. Ba mai cewa ki dawo da shi."

Maganar hutun asibiti kuwa, ya ce gobe zai sa hannu. Ta so ta tambaye shi sauran fa, masu baƙin bangon da tef zai hau kansu wata mai zuwa da na bayansa. Ba ta tambaya ba, shi ma bai yi alkawarin komai ba.

Auta ce ta ji tambayar da ba a yi ba. Suna tafiya wajen get ta ce ai abu ne mai sauƙi, za ta yanki katin aro. In ta tashi daga aiki ta biyo ta nan, Umma ta riga ta nuna mata inda ake shafawa. Uku ne a rana, ko? Ai ba wani abu ba ne, sati shida kawai.

Maman Aro ta tsaya cak. Ita ma da irin wannan kawai ɗin ta fara. Ta san nisan asibitin Auta da nan, ta san mota biyu ake shiga, ta san yadda igiyar jakar ke cin kafaɗa, da yadda ƙarshen wata ke hana mutum zuwa duba yayarsa. Ta kai hannu ta shafa kafaɗar 'yarta, ta ji ta a miƙe, daidai da 'yar'uwarta.

"A'a," ta ce. "Ba za ki yanka ba."

"Umma, za a niƙe su fa."

"Na sani."

A bakin get Baba Maigadi ya miƙo hannu don sabo, ya karɓi littafin ya juya shi. Babu bango, babu kati, babu inda hatimi zai zauna. Ya mayar mata da hannu biyu ya buɗe ƙaramar ƙofa. Ta sa littafin a jaka ta rataya, jakar ba nauyi, amma kafaɗar ba ta ɗago ba. Da suka iso bakin titi Auta ta kama gwiwar hannunta, ita kuwa ba ta fizge ba, ta tsaya tana jira a ce mata ta tsallaka.